Ƙofar Gwaggo Kande da Ƙwallayen Dabino

Tun da na dawo daga Jidda ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa a gidan rediyo ba. Wannan ya tambayi farashin agogo, wancan ya ce wai da gaske ne ruwan sha ma saye ake yi, wani kuma so yake ya ji dalilin da na dawo ni kaɗai alhali kowa ya san abin da aka aike ni. Na gaji da maimaitawa. Ga shi a rubuce, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takardar.

Mahaifina ne ya aike ni. Yana da yaya, Gwaggo Kande, wadda ta tafi hajji a ƙasa tare da mijinta tun ba a haife ni ba. Sun yi shekaru suna tsinkar auduga a Sudan kafin su tsallake teku. Mijin ya rasu a Jidda, ba ta da ɗa a raye, kuma ba ta dawo ba. Da na karɓi hutuna a watan Rajab, mahaifina ya kira ni ya ce, "Mu biyu muka rage. Ka taho mini da ita in gan ta." Ya ba ni ƙullin daddawa da yaji da goro in kai mata.

Da yake ba lokacin hajji ba ne, sai na bi ta Sudan. Jirgin sama ya sauke mu a Hartum, inda ma'aikacin lafiya ya riƙe katin allurata fiye da awa biyu saboda hatimin rigakafin kwalara yana shafi na uku, shi kuma ya saba ganinsa a shafi na biyu. Bai ce jabu ba ne, bai ce ya ƙare ba. Wurin zaman hatimin ne bai yi masa ba. Sai da aka kawo masa shayi ya sha, ransa ya yi sanyi, sannan ya buga mini nasa a shafi na huɗu.

Daga nan jirgin ƙasa zuwa bakin teku, kwana da wuni da ɗoriya. Maƙwabcin kujerata wani dattijo ne Bahaushen Sudan. Ina yi masa sallama ya ɗago ya ce, "Kai ne mai labaran ƙarfe bakwai." Na ji daɗi na minti biyar. Bayan haka duk tashar da muka tsaya sai ya tara mutane ya ce in karanta musu labarai. Na ce ba ni da takarda. Ya ce, "To faɗi na makon jiya, ai su ba su ji ba."

Jirgin ruwa ba ni da abin faɗa a kansa, don kwance na yi tafiyar, kaina a kan jaka. A tashar Jidda ma'aikacin kwastan ya kwance ƙullin daddawa, ya sunsuna, ya ja da baya. Na yi masa bayani da Larabcin makaranta cewa kayan miya ne. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna. Suka yanke hukuncin cewa abin ya ruɓe a hanya, suka jefa a garwar shara, har suna yi mini jaje.

Gwaggo tana zaune a wata unguwar Takari a gefen Nuzla, wato unguwar jikokin alhazan ƙasashenmu da suka zauna ba su koma ba. Gidajen na langa-langa ne da katakon akwati, jefi-jefi na bulo. Na same ta a tsakar gida tana suyar gyaɗa, sana'ar da take ci da ita ke nan. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka da na faɗi ko ni wane ne sai ta ajiye matankaɗi, ta kama fuskata ta ce, "Babana. To ina daddawata?" Wasiƙar mahaifina ta riga ni isa.

Ta shimfiɗa mini tabarma a rumfa. Da safe ana cin wake dafaffe da mai, a haɗa da wani faffaɗan burodi, sai shayi a ƙaramin kofin gilas wanda ba ya kashe ƙishin kowa. Ruwa kuwa gaskiya ne, saye ake yi. Mai ruwa yana kawo garwa biyu a sanda, kuma Gwaggo ta san adadin moɗar da ke cikin kowace garwa. Ranar farko na yi alwala irin ta Kano, ta tsaya a kaina tana ƙirga moɗa. Washegari na gyara.

Abu ɗaya ya dame ni tun daren farko. Tsakar gidan Gwaggo kamar hanyar kasuwa take. Maza da mata da yara, masu ɗauke da kaya da masu jan akuya, kowa ta ƙofarta yake shiga ya ratsa ta gefen kaskon gyaɗa ya ɓace ta baya. Na ɗauka al'adar Jidda ce, na yi shiru don kada in zama baƙo mai ƙorafi. Da na tambaya a lokacin, da an sauƙaƙa wa mutane da yawa.

Maganar komawa gida na kawo mata ita a rana ta biyu. Ta ce, "Bari a gama rigimar hanya tukun."

Rigimar ita ce wannan. Hukumar gari, wadda suke kira baladiyya, za ta shigo da famfo da titi unguwar. Mai unguwa, wanda suke kira umda, aka ce ya kawo amsar jama'a a kan abu uku. Na ɗaya, ko za a ƙara kuɗin ƙofa don a biya rabon unguwa na jan ruwa. Kuɗin ƙofa wani haraji ne da suka ɗora wa kansu tun da daɗewa, kowace ƙofa tana biyan wani abu a wata don shara da gadi. Na biyu, ta ina titin zai bi, don injiniya ya zana hanya biyu ya ce duk ɗaya ne a wurinsa. Na uku, wani fili da awaki ke kwana a ciki, kasuwa za a yi ko makaranta. Wata biyu dattawa suna zama bayan la'asar, ba su daidaita ko a kan guda ba. Haifaffun Jidda ra'ayinsu daban, waɗanda suka zo daga Sudan nasu daban, sababbin zuwa kuma ba a ma barinsu su kai ƙarshen magana.

Hanyar gabas za ta ci bayan sito na wani attajiri, Alhaji Sale, haifaffen Jidda mai jerin kantuna a bakin unguwa. Hanyar yamma za ta bi ta kan ɗakin Gwaggo da tsakar gidanta. Bambancin shi ne Alhaji Sale yana da takardar mallaka, in an rushe masa za a biya shi diyya. Gwaggo ba ta da komai sai shekara talatin da wani abu da ta yi a wurin. In titi ya bi ta kanta, ta tashi ke nan hannu wofi.

A rana ta huɗu umda ya aiko a kira ni. Tsoho ne mai fara'a, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce, "Ya ustaz, an ce kai ka san aikin ƙuri'a." Na ce zamanin siyasa na ɗauko labarin zaɓe sau biyu, na ga yadda ake jera akwatuna kowanne da alamarsa, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa takarda. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Kai baƙo ne, ba ka da kanti ba ka da akuya. Ka tsara mana." Na ce ina da gwaggo. Ya ce kowa a unguwar yana da gwaggo.

Na karɓa, kuma na yi aikin yadda na iya. Takarda ba za ta yi ba, don masu karatu kaɗan ne. Muka tsaya a kan ƙwallon dabino, da gwangwani biyu ga kowace magana, a bayan tabarma rataye. Da na tuna cewa babu aljihu a Jidda da ba a rasa ƙwallon dabino a ciki, sai na sa aka rina namu da shuni. Sauran tambaya ɗaya: wa zai jefa? Nan aka yi ta ka-ce-na-ce. Wasu suka ce masu iƙama kawai, wato takardar zama, wanda hakan zai fitar da rabin unguwa. Wasu suka ce masu aure. Ni kuma na tuna a gida takardar haraji ake dubawa, kuma ga littafin kuɗin ƙofa a hannun umda, a rubuce tsaf. Na ce a bi shi. Na rubuta da hannuna: kowace ƙofa da ke buɗewa a kan titi, mai biyan kuɗin ƙofa, tana da ƙwallo ɗaya a kan kowace magana. Alhaji Sale ne ya fara amincewa. Ya ce, "Ɗayyib, wannan adalci ne. Masu ilimi daban suke." Ya kamata saurin nan nasa ya sa in tsaya.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka tara jama'a in karanta musu hujjar kowane ɓangare. Na karanta kamar yadda aka koya mini, ba ƙari ba ragi. Ƙarin kuɗin ƙofa zai yi wa talaka nauyi, amma abin da yake ba mai ruwa a wata ya fi shi. Kasuwa za ta kawo ciniki da ƙuda, makaranta za ta kawo malami in an samu mai biyansa. A kan titi kuma na faɗi gaskiya: hanyar yamma ta fi gajarta, ta fi miƙewa, kuma ta fi kusa da yawancin gidaje. Hanyar gabas tana da kwana biyu, amma wanda za ta taɓa za a biya shi. Mata suna sauraro daga bayan katanga.

Da na koma gida Gwaggo ba ta ɗago daga kan kaskonta ba. Ta ce, "Muryar rediyon dai ita ce. Kana karanta rushe ɗakina kamar farashin gyaɗa."

"Gwaggo, aikin ke nan. In na karkata ba wanda zai yarda da sakamakon."

"Ko dai ubanka ya ce ka rushe ni don in bi ka?"

Na ce Allah ya sani ba haka ba ne. Na yi mata lissafi don in kwantar mata da hankali: ita da gidaje biyar da ke bayanta ƙwallo shida ke nan, ga 'yan Sudan da suke sonta. Sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Babana, ƙofa nawa ka gani a layin nan?"

A nan aka yi mini bayanin abin da nake kallo tun zuwana. Shekara biyu da suka wuce, da kuɗin ƙofa ya yi musu nauyi, gidaje biyar ɗin nan suka buga langa-langa suka toshe ƙofofinsu na titi, suka fasa katangar baya, suka koma bi ta tsakar gidanta. A littafin umda su shida ƙofa ɗaya ne, suna haɗa kuɗin su biya. Wato da dokar da na rubuta na mayar da ƙwallo shida ɗaya. Alhaji Sale kuwa kowane kantinsa ƙofarsa daban, kowanne yana biya, tara ne cif.

Na koma wurin umda na ce a gyara. Ya ce, "Ya ustaz, wata biyu ba su yarda da komai ba, sai wannan layi naka guda. In na taɓa shi, wallahi sai bayan hajji." Gaskiyarsa ce. Na ce wa Gwaggo ko za ta yi wa maƙwabtan magana. Ta ce shekara biyu suna tattaka mata tsakar gida ba ta roƙe su komai ba, ba yau za ta fara ba.

Gab da magariba ɗaya daga cikinsu ya same ni a rumfa. Adam sunansa, Bahaushen Sudan, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, mai 'ya'ya bakwai. Ya tsuguna ya ce, "Malam, karanta mini dokar nan taka. A hankali, irin na cikin akwatin rediyo."

Na karanta.

"Sake."

Na sake.

"Ba a ce tun yaushe ƙofar take buɗe ba?"

"Ba a ce ba."

"Kai ka manta, ko da gangan?"

"Mantawa na yi."

Ya ce, "Allah ya ƙara maka mantuwa," ya tashi.

Ranar Juma'a ana idar da sallar asuba na ji ƙarar guduma. Na fita na tarar da Adam yana zare ƙusoshi, matarsa tana riƙe masa langa-langar. Can gaba wasu biyu suna yin haka, ta huɗun kuma wata bazawara ce da taɓarya take dukan tata. Na biyar, wani tela mai suna Bukari, yana tsaye hannu a baya. Adam ya ce masa, "Yalla, ga guduma." Bukari ya ce, "Ina son Hajiya kamar uwata. Amma in an ƙara kuɗin nan, da me zan biya? Da zare?" Bai buɗe tasa ba.

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar umda. Da mutum huɗun suka zo karɓar ƙwallaye, Alhaji Sale ya miƙe. "Esh haza? Mene ne haka? Ƙofofin nan jiya babu su. Ya ustaz, wannan wasa ne." Na ce ni abin da aka rubuta kawai zan karanta, na karanta. Ya ce ba sa cikin littafi. Umda ya buɗe littafin a kan gwiwarsa, ya lashi fensir, ya dubi Adam.

"Zan rubuta ku. Amma ku ji da kyau, wanda ya shiga littafin nan ba ya fita. Ko kun sake toshewa, ko kun gina bulo, ƙofa ce. Tsohon kuɗin za ku biya, in an ƙara ku biya ƙarin. Kowane wata."

Na ɗauka Adam zai juya. Ya dubi sauran ukun. Sannan ya ce, "Rubuta. Adam, ƙofa ɗaya."

Sai wata rigimar. Mace ba ta shiga taron maza a can, don haka aka ce Gwaggo da bazawarar su ba da wakili. Gwaggo ta iso lulluɓe, ta ce wakilinta ɗaya ne a duniya, shi kuma an ba shi aikin ƙirga. Ta miƙa hannu. Umda ya dube ni, na dubi takarda, takarda ta ce ƙofa, ba ta ce namiji ba. Ta shiga bayan tabarma, muna jin faɗuwar ƙwallayenta ɗaya bayan ɗaya, bazawarar ta bi bayanta.

Jefawar ta ci awa uku, saboda duk wanda ya fito sai ya sanar da abin da ya zaɓa da dalilinsa, duk da na yi ta bayanin cewa sirri ne. Shunin bai bushe sosai ba, kowa ya fito da yatsu shuɗɗa. Wani tsoho ya zuba ƙwallayensa uku a gwangwani ɗaya don ya ce maganar makaranta ce kaɗai ta dame shi, sai da aka zazzage aka sake.

Na ƙirga a gaban kowa, sau biyu. Ƙarin kuɗin ƙofa ya wuce da rata mai yawa. Kasuwa da makaranta suka yi kunnen doki, umda ya ce a bar wa awaki kafin a ga abin da Allah zai yi. Titi kuwa hanyar gabas ta ci da ƙwallo biyu. Ba sai na yi wa kowa lissafi ba: ba don ƙofofi huɗun nan ba, da biyu za ta faɗi.

Alhaji Sale ya naɗe rigarsa ya ce mabruk, ya tafi neman mai rubuta masa takardar diyya. Adam ya tsaya yana kallon yatsunsa. Na ce masa ai ya taimaki tsohuwa. Ya ce, "Ni na jefa a ƙi ƙarin, ga shi an ƙara. Yanzu sau biyu zan biya a kan ƙofar da jiya babu ita. Wannan ita ce ƙuri'ar taku?" Na ce ita ce. Ya ce a Sudan ma haka ya ji ana faɗa.

Da yamma Bukari ya zo zai wuce gida, ya tsaya a bakin ƙofar Gwaggo ya kasa shiga. Ta ce, "Wuce mana. Ko ta sama za ka bi?" Ya wuce kansa a ƙasa, ta cusa masa gyaɗa a aljihu.

Na yi umra, na yi ziyara, na dawo na sake kawo mata maganar tafiya, ga tikiti, ga takardu. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Mutum huɗu sun ɗaukar wa kansu biya har mutuwa don ɗakin nan ya tsaya. In kulle shi in bi ka, in ce musu me?" Na ce mahaifina ya tsufa. Ta ce ta girme shi da shekara shida, kuma jirgin da zai kai ta Kano shi ne zai kawo shi Jidda. Ta ba ni gwangwanin gyaɗa da ƙwallon dabino ɗaya mai shuni, wanda ta roƙa a wurin umda, ta ce in ba shi in gaya masa labarin duka, har da wanda ya rubuta dokar.

Na gaya masa duka. Ya daɗe yana juya ƙwallon a tafin hannunsa. Na shirya wa faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Ƙofar tata, wace iri ce?"

Na ce langa-langa ce a jikin katakon akwati, sai an ɗaga ta take rufuwa.

Ya ce, "To in Allah ya kai mu hajjin bana, ka nemo mini kafinta a can. Kuma daddawar ni zan riƙe ta da kaina."